Nasiha A Kan Haƙƙin Maraya Da Abin Da Ubansa Ya Bari

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. 

Ku sani, Allah Ya yi muku rahama, akwai wani al'amari da ya yawaita cikin garuruwanmu da ƙauyukanmu har an daina ganin muninsa, shi ne sha'anin maraya. Mun iya tausayinsa da baki. Kadan azumi ya kama, ko salla ta gabato, sai ka ga an tara marayu an jera su a rana, an ba kowane yadi da mudun shinkafa, an ɗauki hotonsu an watsa duniya ta gani. Ban hana kyautar ba, Allah Ya ba mai yi lada gwargwadon niyyarsa, ko da yake hoton nan ba na sonsa, domin yaro yana girma ya yi kunya, hoton kuwa ba ya gogewa. Abin da nake cewa shi ne, yaron da aka jera a rana domin mudun shinkafa, sau da yawa yana da gona da gida da awaki waɗanda ubansa ya bari, suna hannun wani, wanin nan kuwa ba ya rasa sahun farko a masallaci. Wanda ya tsaya har aka mayar wa yaron nan da gonarsa ya fi wanda ya ɗinka masa rigar salla shekara goma.

Maraya a shari'a shi ne wanda ubansa ya rasu bai balaga ba. Hausa ta faɗaɗa sunan har ga wanda ya rasa uwa, babu laifi, amma hukunce-hukuncen dukiya da zan ambata na wanda ya rasa uba ne. Kowane almajiri da ya kai Suratun Nisa'i ya wanke allonsa a kan ayoyin farkonta, inda aka yi umurni a ba marayu dukiyarsu, aka hana musanya mai kyau tasu da mummuna, aka hana cakuɗa ta da ta mai riƙo domin a cinye, aka siffanta mai cinta da zalunci da mai cusa wuta a cikinsa. Bukhari da Muslim kuma sun fitar daga Abu Huraira cewa cin dukiyar maraya yana cikin zunubai 7 masu halakarwa, an lissafa shi tare da shirka da sihiri da kisan rai. Ba ƙarancin karatu ya same mu ba. Muna biya ayoyin da safe, da maraice mu tafi gidan makoki mu zauna a kan tabarma mu ci.

Bari in fara da wannan cin, domin shi ne ƙofar da ɓarna take fara shigowa, kuma mu malamai mu ne a gaban akushi. Abin da mamaci ya bari yana da jeri sananne a littattafanmu na fiƙihu. Ana fara fitar da haƙƙin da ya rataya ga wani abu na dukiyar, kamar jingina, sa'an nan likkafani da abin da za a rufe shi da shi bisa al'ada ba tare da almubazzaranci ba, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya cikin sulusi, abin da ya saura na magada ne tun daga sa'ar da rai ya fita. To, ku nuna mini inda sadakar uku take cikin wannan jeri, ko ta bakwai, ko ta arba'in. Babu. Kadan babba daga cikin magada ya so ya yi wa mamaci sadaka daga rabonsa, wannan nasa ne, Allah Ya karɓa. Amma a buɗe rumbun da yaro ɗan shekara biyar yake da rabo a ciki, a daka, a yi gumba da waina da tuwo, a sayar da sa a sayi goro da shinkafa, a tara gari, wa ya nemi izinin yaron? Ko an nema ma, izininsa ba ya ƙulluwa, domin shari'a ta tsare shi daga sarrafa dukiyarsa har ya yi hankali. Ashe abin da aka kira sadaka ga uba ƙwace ne daga ɗa. Malamin da ya san akwai ƙanana cikin magada, ya kuma san daga rumbunsu aka ɗebo, ya yi addu'arsa ya tashi, kada ya miƙa hannu, ya kuma gaya wa masu gida dalili cikin taushi. Na san za a ce ya cika tsanani. A ce.

Daɗa, kadan an share makoki, sai baffa ya ce kada a raba, a bar komai cikin gandu, shi zai riƙe wa yara har su girma. Maganar tana da daɗin ji, wani ma da gaskiya yake faɗinta. Amma ina so almajirai su riƙe wannan mas'ala da kyau, domin jama'a da yawa ba su san ta ba. A mazhabarmu ta Imamu Malik, walicin dukiyar yaro na uba ne, bayansa sai wasiyyin da uban ya naɗa, bayansa sai alƙali ko wanda alƙali ya wakilta. Baffa ba ya zama waliyyin dukiya don kasancewarsa baffa, haka yaya, haka kaka. In ya cancanta a naɗa shi, madalla, a naɗa shi a gaban shaidu, a ƙidaya abin da aka danƙa masa. Wanda aka naɗa kuwa, in mawadaci ne ya kame, in matalauci ne ya ci gwargwadon wahalarsa, kuma ranar da yaro ya balaga aka jarraba shi aka ga ya iya riƙe kansa, a miƙa masa kayansa da shaidu. Ba a ce a binne dukiyar a ƙasa ba. Ya zo cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi umurni a juya dukiyar marayu da fatauci don kada zakka ta cinye ta, kuma Nana A'isha ta riƙi 'ya'yan ɗan'uwanta Muhammadu ɗan Abubakar, tana fitar musu da zakka daga dukiyarsu. Ɗaya daga cikin yaran nan shi ne Alƙasim, wanda ya zama cikin manyan malaman fiƙihu 7 na Madina.

Ga lissafi ƙanƙane domin masu koyon fara'ili. Mutum ya rasu ba uwa ba uba a raye, ya bar mata ɗaya, da ɗa namiji ɗaya, da 'ya'ya mata biyu, da ƙanensa shaƙiƙi. A kasa dukiyar kashi 32, matar ta ɗauki sumuni, wato 4, ɗan ya ɗauki 14, kowace 'ya ta ɗauki 7. Ƙanen mamaci ba shi da ko zangarniya ɗaya, domin ɗa namiji ya katange shi. Amma ku shiga ƙauye ku tambaya wa yake noma gonar, wa yake cin amfaninta.

Wannan ciwo ba yau ya fara ba. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi shahada a Uhudu shekara ta 3 bayan hijira, ya bar mata da 'ya'ya mata biyu, ɗan'uwansa ya kwashe dukiyar duka bisa al'adar Larabawa ta dā. Matar ba ta zauna ta yi shiru ba. Ta riƙo hannun 'ya'yanta ta kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ayar gado ta sauka, aka ba 'yan matan sulusi biyu, uwarsu sumuni, baffan ya tashi da abin da ya saura, wato 5 cikin 24. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo labarin. Yau kuwa macen da ta je gaban alƙali neman haƙƙin 'ya'yanta, sai a ce ba ta da kunya, ta tona asirin gidan miji, tun ƙasar kabari ba ta bushe ba tana maganar dukiya. Ku gaya wa matanku da ɗalibanku mata, hanyar da ta bi hanyar sahabiyya ce.

Ni da nake rubuta wannan ba a littafi kaɗai na karanta shi ba. Ubana ya rasu ina da shekara 7, ya bar gona biyu da shanun noma da rumbu cike. Kafin a yi arba'in rumbun ya koma ƙasa, sa ɗaya ya tafi kasuwa. Mahaifiyata ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, ta koma gidansu, daga baya ta yi aure, na bi ta na zama agola, zaman bai yi daɗi ba, aka ɗauke ni aka kai ni gabas wurin wani alaramma, Allah Ya jiƙansa Ya haskaka kabarinsa. Da ya ji ba ni da uba, kafin ya rubuta mini allo sai ya tambayi wanda ya kawo ni, me uban yaron nan ya bari? Mutumin ya yi ta kewaye-kewaye, alaramma bai sake shi ba sai da ya faɗa. Ya jawo takarda ya rubuta da ajami, gona kaza iyakarta ta gabas kuka, ta yamma burtali, gona kaza tana maƙwabtaka da wane da wane. Da rani ya aiki gardi biyu garinmu, suka karanta takardar a gaban mai gari da liman, aka sa sunayen shaidu, ya naɗe ta ya sa cikin gafakarsa tare da Alƙur'aninsa. Shekara 13 tana nan. Ranar da na yi niyyar komawa gida ya ciro ta ya ba ni. Da ita na karɓi gona ɗaya ba tare da faɗa ba. Ɗayar an riga an sayar, wanda ya saya ya sayar wa wani, shi ma ya yi gini, na bar ta.

Matarsa kuma, Allah Ya saka mata da Aljanna, ba ta taɓa raba mini tuwo da na 'ya'yanta ba, akushi ɗaya muke sa hannu. Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, ni kuwa na sami uwa a gindin murhun da ba na gidanmu ba. Saboda su biyun nan, tun da na kafa tawa makaranta ban ga wani aikin da zuciyata take natsuwa da shi ba kamar zama da yaran da suka rasa iyaye. Yaro irin wannan ina gane shi tun bai yi magana ba. Shi ne wanda ba ya fara sa hannu a kwano, wanda kadan wani uba ya zo ziyara ya kawo wa ɗansa ƙuli-ƙuli da takalmi, sai ya duƙufa a kan allonsa kamar karatu ya kama shi.

Batun agola kuwa, ban san inda muka samo wannan ƙyama ba. Manzon Allah ya auri Ummu Salama bayan rasuwar mijinta Abu Salama shekara ta 4, ta tare da 'ya'yanta, ɗanta Umar ya tashi a ɗakinsa, yana ci tare da shi a kwano ɗaya, a nan ya koya masa ambaton Allah da ci da dama da cin abin da ke gabansa, hadisin da kowane ɗalibi ya sani. Ashe wanda ya ruwaito mana ladubban cin abinci agola ne. Mu kuwa mai neman bazawara sharaɗinsa na farko shi ne kada ta zo masa da ɗan wani. Sai uwa ta shiga tsakanin aure da ɗanta, dangin uba su karɓe shi ba don so ba, a ba kishiyar gida riƙo, ya zama shi ne mai ɗebo ruwa da kiwon awaki. A nan ma mun bar littafi. Risala ta Ibnu Abi Zaidi ta bayyana cewa reno haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu ko ta yi aure, ya koma ga kaka, sa'an nan 'yar'uwar uwa, in babu dangin uwa sai 'yan'uwansa mata da gwaggwanni, mazan dangin uba suna can ƙarshe. Wanda yake cewa ɗa na dangin uba ne, a ƙwace shi daga uwa ranar da ta fita takaba, al'ada yake faɗi, kada ya jingina ta ga Malik. Ɗan riƙo kuma a kira shi da sunan ubansa, kamar yadda Suratul Ahzabi ta hukunta cikin sha'anin Zaidu ɗan Harisa, domin sunan nan shi ne igiyar da ke ɗaure shi da gadonsa da danginsa.

Akwai maraya na biyu wanda ba a cika tunawa da shi ba, shi ne jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa. Ranar da kakan ya cika, baffanni suna katange shi, ba ya gadon komai, ko da ubansa ne ya yi wa gidan noma shekara ashirin. Hukuncin katangewa gaskiya ne, ba mai taɓa shi. Amma shari'ar da ta katange shi ita ce ta buɗe wa kakan ƙofa biyu. Yana iya yi masa wasiyya har zuwa sulusi, tun da shi ba magaji ba ne, ko kuwa ya ba shi kyauta yana da lafiyarsa, a karɓa a mallaka kafin ciwon ajali, domin kyautar da ba a karɓa ba tana ɓaci da mutuwar mai bayarwa. Mutanen Misira sun mai da wasiyyar nan tilas cikin dokarsu ta shekarar 1946. Mu ba sai mun jira doka ba, alƙalami da tawada da shaidu biyu sun isa. Malamin da dattijo ya zo wurinsa neman addu'a, ya tambaye shi, Baba, jikokin nan na marigayi, ka rubuta musu wani abu?

In mai tambaya ya ce, to wanda ubansa bai bar komai ba fa, wa zai ci da shi? Sai mu ce, mazhabarmu ba ta wajabta ciyar da shi a kan baffa ko yaya ko kaka ba, in sun yi sadar da zumunci ne mai lada babba. Wajibin yana kan baitulmali, in babu shi ko bai isa ba ya koma kan jama'ar Musulmi, in wasu sun yi ya faɗi a kan sauran, in kowa ya ƙi kowa ya yi laifi. Saboda haka kada mai unguwa da liman da attajirin unguwa su ce yana da dangi. Maraya matalauci yana cin zakka da sunan talauci. Jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi, a kai sunayen yara can, a bi sawu. Wanda ya fi ƙarfin hannu ya yi hubusin shago ko gona, amfanin yana tafiya ga marayun unguwa bayan ransa.

Fitinar da ta tashi a Maiduguri shekarar 2009, da ta 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da maƙwabtansu, sun bar marayu waɗanda wasunsu ba gona ba, garin ma babu. Irin waɗannan gidan marayu ya zama lalura gare su, ko da yake ina ganin ɗaki mai uwa ya fi kowane gini. Wani lauya na Maiduguri, Zanna Mustafa, ya buɗe makaranta shekarar 2007 da yara 36. Da fitina ta zo ya karɓi 'ya'yan waɗanda aka kashe daga kowane ɓangare, ɗan soja da ɗan wanda ya ɗauki makami suna zaune a aji ɗaya, ya kuma nema wa iyayensu mata sana'a. Shekarar 2017 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar girma. Abin da ya kama hankalina cikin aikinsa shi ne bai tambayi yaro laifin ubansa ba, kuma ya gane cewa mai son ya tsai da maraya ya fara tsai da uwarsa.

Sa'an nan mu, ya 'yan'uwana masu tsangaya. Wani yaron ba don karatu aka kawo mana shi ba, don a rabu da shi ne, a sami sararin gona. Shekarar 2020, da annobar korona ta zo gwamnonin Arewa suka kwashi almajirai a motoci ana mayar da kowa jiharsa, duk malamin da ya san ɗalibansa ya san akwai waɗanda ba mai murna da komowarsu. Kada mu zama rumbun da ake ɓoye zalunci a ciki. Kolo maraya kada a tura shi bara 'ya'yan malam suna cin na gida, kada a tambaye shi kuɗin laraba, kada bulala ta fi sauka a kansa don an san ba mai zuwa bin kadi. Imamu Shafi'i an haife shi a Gazza shekara ta 150, ubansa ya rasu yana jariri, uwarsa ta kai shi Makka ba ta da abin biyan malami, malamin ya yarda ya riƙa tsare masa yara in ya tashi a madadin lada. Ahmadu ɗan Hambali da Bukhari su ma a hannun iyaye mata suka tashi. A ƙasarmu Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa 1793 ta rasu 1864, uwarta Maimuna ta rasu tana ƙarama ƙwarai, matan Shehu suka rene ta, ita ce ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis suna kai karatu ga matan ƙauye. Masu cewa ba maraya sai rago sukan kawo sunayen nan hujja. Ni kuwa na duba ban ga ko ɗaya cikinsu da ya tashi shi kaɗai ba, kowane akwai uwa, ko kishiyar uwa, ko malami da ya tsaya masa. Shugaban halitta kansa, bayan rasuwar Amina a Abwa'i yana ɗan shekara 6, Ummu Aimana ce ta komo da shi Makka, kakansa ya riƙe shi shekara biyu, sa'an nan Abu Ɗalib. Karin maganar nan daidai ne a bakin marayan da ya girma yana ƙarfafa kansa, amma a bakin wanda ke noma gonarsa ba ta da kyau.

Abin da nake roƙon kowane limami da malamin unguwa shi ne, duk gidan da aka yi rasuwa aka bar ƙanana, kada kwana bakwai su wuce ba a zauna da takarda ba. A rubuta gonaki da iyakokinsu huɗu, da gida, da dabbobi, da abin da ke rumbu, da kuɗin da ke banki ko cikin waya, da bashin da ake bin mamaci da wanda yake bi. A rubuta sunan kowane yaro da shekarunsa, har da cikin da ba a haifa ba, domin ana jinkirta rabo sai an haihu. A sa sunan wanda aka danƙa wa riƙo da shaidu biyu adalai. A yi ta uku, ɗaya wurin uwar yara, ɗaya wurin liman, ɗaya a kai wa alƙali ya tabbatar da mai riƙon. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ya sa a ɗauki hoton takardar a waya saboda gara da ruwan sama. Almajirin da yake son ya ga yadda ake tsara ta ya tambayi malaminsa babin wasiyya da na fara'ili a ƙarshen Risala, su karanta tare kafin a kira su gidan makoki na gaba.

Wassalamu.